Ina son ɗinka wa 'yata kayan zaman gida da kaina, ta ina zan fara?

Maman Nana, Gwale

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san ɗinki, musamman iyaye mata masu ɗinka wa 'ya'yansu a gida.

'Yata Nana watanta 22. Tun da ta fara tafiya kaya ba sa daɗewa a jikinta: ko su ɗage mata, ko gwiwar wando ta cinye, ga ɓaci da miya da ƙasa, wuni ake yi ana canja mata. Kayan kanti sun yi tsada. Na gwanjo kuma ba kullum ake dace da masu kyau ba, da yawansu masu kauri ne na ƙasashen sanyi, ita kuwa da zafi ya shigo sai ƙuraje su feso mata a wuya da baya. Tela idan ka kai masa ɗinkin ƙaramar yarinya sai ya ajiye gefe ya gama na manya tukuna, kuma ban ga laifinsa ba, wahalar ɗaya ce amma kuɗin ba ɗaya ba.

Ina da keken Butterfly na ƙafa da Innarmu ta ba ni. Iyakar abin da na iya da shi kalmasa zani, rigar filo da labule. Ina kuma da ragowar atamfofin ɗinkunana cike da jaka, wasu sun kai yadi ɗaya, wasu ba su kai ba. Kayan Sallah dai na tela ne, ni 'yan riguna da wanduna na zaman gida nake so.

Yaya ake auna yarinyar da ba ta tsayawa wuri ɗaya? Wane ɗinki ya fi sauƙi ga mai koyo? Sannan surukata ta ce in yi su da girma sosai yadda za ta sa har ta shekara huɗu, ni kuma ina ganin kamar za su riƙa harɗe ta. Don Allah a taimaka mini.

Anti Binta, Tudun Wada

Wa alaikumus salam Maman Nana. Wadda ta iya rigar filo ta iya rigar yarinya, ki kwantar da hankalinki.

Ba sai kin bi ta da tef ba. Ɗauko rigar da ta fi zama daidai a jikinta yanzu, ki ninke ta biyu a tsaye, ki shimfiɗa a kan jarida ko takardar buhun siminti da kika karkaɗe, ki bi gefenta da biro. Ki ƙara rabin inci ko'ina saboda ɗinki, sai ki yanke takardar. Ita za ki riƙa ɗorawa a kan atamfa kina zanawa da alli. Amma ki lura, in rigar da kika kwafa mai talewa ce irin ta kanti, ki ƙara inci ɗaya a kowane gefe, domin atamfa ba ta talewa ko kaɗan. In kuma dole sai kin auna jikinta, ki bari ta yi barci, ko Babanta ya ɗora ta a cinya. Kuma cikinta za ki auna bayan ta ƙoshi, yara masu shekarunta sau da yawa tumbi ya fi ƙirji faɗi. Abin da kika samu ki ƙara inci 3 zuwa 4 don ta sake.

Inda masu koyo suka fi shan wahala shi ne wuya. Kan yaro babba ne idan aka gwada da jikinsa. Yarinya mai shekara biyu zagayen kanta ya kusa inci 19, ƙirjinta kuwa bai wuce 20 zuwa 21 ba. Kin ga kai da ƙirji kusan ɗaya ke nan. In kika yanka wuyan da zai yi kyau a ido, kai ba zai wuce ba. In kika buɗe shi yadda kai zai wuce, rigar za ta riƙa zamewa daga kafaɗa. Maganinsa tsaga a baya: ki tsaga inci 4 daga wuya zuwa ƙasa, ki bi bakin tsagar da siririn ƙyalle, ki yi 'yar maɗauki a gefe ɗaya, maɓalli guda a ɗaya gefen. Ban ba ki shawarar zif ba. Yana da wuyar sawa ga mai koyo, yana cizon fata, kuma in ta kwanta rigingine yana damunta.

Ki fara da riga marar hannu, mai buɗewa kaɗan zuwa ƙasa. Ƙyalle ɗaya na gaba, ɗaya na baya, yadi ɗaya ya ishe ki har da saura. Bakin wuya da hammata ki bi su da siririn ƙyallen da kika yanka a karkace, domin wanda aka yanka a karkace ne yake bin lanƙwasa ba tare da ya tattare ba.

Wando kuma, tunda na san har yanzu tana sa famfas ko da daddare ne, ki sa bayansa ya fi gaba tsawo da inci ɗaya da rabi, in ba haka ba da ta tsuguna sai ya sauka. Ƙugun ki yi masa gidan roba, ki zura roba mai faɗi da fil mai kullewa. Siririyar roba tana shata a cikin yaro. Ki yanke ta ta gaza ƙugunta da inci ɗaya, ki gwada mata kafin ki rufe. In yatsunki biyu sun shiga ba tare da tilas ba, ya yi. Nan gaba kaɗan za ki fara koya mata zama a fo, wandon roba ne za ta iya saɓulewa da kanta. Ni nakan maƙala ɗan jan ƙyalle a cikin baya don duk wanda zai sa mata ya gane gaba da baya.

Kada ki sa almakashi a atamfar da ba ki wanke ba. Ki jiƙa ta, ki wanke, ta bushe, ki goge. Sitatin da ke jikinta zai fita ta yi laushi, in mai zuba ce za ki gani tun yanzu, in kuma za ta tsuke ta tsuke kafin ɗinki. Gaskiya ma tsohon zaninki da ya sha wanki ya fi sabuwar atamfa daɗi a jikin yaro.

Malam Tela, Zariya

Hajiya Binta ta gama magana. Ɗan abin da zan ƙara na keke ne.

Allura lamba 14 ita ce ta atamfa. In ɗinki ya fara tsallake ko zare yana yawan tsinkewa, kafin ki taɓa komai ki canja allura, ki duba ko kin sa ta daidai. In kin zuba wa keke mai, ki fara bi ta kan tsumma har ya daina fitar da baƙi, kada ya ɓata miki aiki.

Ranar da za ki yi mai hannu, kada ki haɗa gefen riga tukuna. Ramin hannun yaro ƙarami ne, ba zai juyu a ƙarƙashin ƙafar keke ba, mu ma da muke wannan sana'a yana ba mu wahala. Ki haɗa kafaɗu, ki buɗe rigar a shimfiɗe, ki ɗora hannu ki ɗinke, sannan ki ja ɗinki ɗaya tun daga bakin hannu, ki bi ta hammata har ƙasan riga. Duk inda ɗinki ya lanƙwasa, kamar wuya, ki ɗan tsattsaga bakin ƙyallen da kan almakashi kafin ki juya, amma kada ki kai ga zaren.

Tunda ba ki da keken da ke kama bakin yadi, ki yi ɗinki biyu. Na farko ta fuskar atamfar, kusa da baki. Ki rage bakin da almakashi, ki juya, ki goge, ki sake ɗinkewa ta ciki yadda na biyu zai haɗiye na farko. Babu zaren da zai fito ya sosa mata jiki, kuma ko kullum ake wanki ba zai warware ba.

Ki zaɓi atamfa mai ƙananan zane. Mai manyan furanni in an yanka wa yaro, rabin fure kawai ake gani. Ki kuma duba kada zanen gaba ya kalli sama na baya ya kalli ƙasa. Roba da zare da maɓalli kuwa ke da kike Kano, Kasuwar Ƙofar Wambai na kusa da ke.

Hajiya Kakar Yara

'Yata, kada ki yar da maganar surukarki gaba ɗaya. Mu da muka yi renon yara da yawa da kaya kaɗan mun san abin da take gudu, yaro ya sa riga wata uku a ce ta yi masa kaɗan. Ke ma kuma kina da gaskiya, rigar da ke jan ƙasa tana ka da mai koyon gudu.

Yaro daga shekara biyu zuwa uku tsawo ya fi yi, faɗinsa kaɗan yake ƙaruwa. To ki yi faɗin daidai yadda Binta ta ce, girman ki ɓoye shi a tsawo. Ki bar kalmasa mai zurfi a ƙasa, kamar inci 3, ki kama ta da allurar hannu ko da manyan ɗinki yadda farkewa ba za ta yi wuya ba. Ko ki yi ninki biyu a kwance sama da kalmasar, kowa zai ɗauka ado ne. In rigar ta ɗage sai ki farke ninki ɗaya ki goge. Haka muka yi wa namu, riga ɗaya ta fara a gwiwa, ta ƙare a matsayin 'yar sama da wando, sannan ta koma kan ƙanwa. Ki kai wa surukarki ki nuna mata ninkin da hannunki, za ta ji daɗi an ɗauki maganarta.

Maman Abdul, Maraɗi

Sannunku. Mu nan da santimita muke awo, amma na bi bayanin, rabin incin nan shi ne santimita ɗaya da 'yan kai.

Ni abin da ya fi damuna shi ne irin yadin. Yanzu atamfa mai araha da yawa ba auduga zalla ba ce, an gauraya ta da roba, ga sheƙi ga kyau a ido amma ba ta shan gumi. Yarinya mai ƙurajen zafi ita za ta fi cutuwa. Ki yanki ɗan ƙyalle daga kowace, ki kai tsakar gida nesa da yara, ki kunna masa ashana a cikin tsohon kwano. Auduga tana warin takarda in tana ci, ta bar toka mai laushi da za ki murje da yatsa. Mai roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule ta yi tauri. Masu narkewar ki yi jaka ko rigar filo da su. Ba zafi kaɗai ba, ki tuna da hunturu lokacin da ake jin ɗumi a bakin murhu ko kaskon gawayi. Yadin roba in wuta ta taɓa shi mannewa yake yi a fata. Auduga ma tana kamawa, shi ya sa a lokacin sanyi na fi son riga da wando a kan doguwar riga mai baza.

Sannan don Allah ban da 'yan ƙananan duwatsun ado a kayan mai shekara biyu, komai baki suke kaiwa, wani lokaci har hanci. Maɓallin da Anti Binta ta ce ma ki ɗinke shi da zare ninki biyu, ki ja da ƙarfi ki tabbatar, kuma a baya yake inda hannunta ba ya kaiwa. Kada ki sa igiya mai zargewa a wuya ko doguwar ɗamara mai lilo, tana iya maƙalewa a ƙofa ko ƙusa. Ga masu 'ya'ya maza, ni ɗana wandon kaftaninsa ma roba nake sa masa maimakon tazuge.

Maman Nana, Gwale

Allah Ya saka muku da alheri, Ya raya mana zuri'a. Na gwada da ashana kamar yadda Maman Abdul ta ce, kusan rabin jakar narkewa suka yi, na ware su. Sauran na wanke, wata shuɗiya ta zuba sosai. Na yanka takardar, na ɗora a kan tsohon zanina mai ƙananan ganye, zan fara da shi. Hajiya, surukata ta ga takardar da wurin ninkin, ta ce in yi uku maimakon biyu.

Anti Binta, saura abu ɗaya. Siririn ƙyallen wuyan nan faɗinsa nawa, kuma ta wace fuska ake fara kama shi?

Anti Binta, Tudun Wada

Inci ɗaya da kwata. Ki ninke ƙyallen kusurwa zuwa kusurwa kamar ɗankwali, layin ninkin nan shi ne karkacen da za ki bi ki yanka. Ki ɗora fuskarsa a kan fuskar rigar, baki da baki, ki ɗinke zagayen wuyan ba tare da kin ja shi ba. Ki tsattsaga yadda Malam ya ce, ki juya shi ciki, ki lanƙwasa bakinsa, ki danne da dutsen guga, sannan ki bi da ɗinki na biyu a hankali kina juya keken da hannu a wurin lanƙwasa. Tsagar baya ita za ki fara gamawa kafin wuyan. Shuɗiyar mai zuba kuma ki yi mata wando da ita, ki riƙa wanke shi shi kaɗai.