Duathlon ɗina na farko: gajere zan shiga ko dogo?

Sabon_Shiga:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa yi. Saura sati bakwai a yi gasar duathlon, tseren nan da za ka yi gudu, ka hau keke, ka sauka ka sake gudu. Rukuni biyu suka buɗe. Gajeren shi ne gudun kilomita 5, keke 20, sannan gudu 2.5. Dogon kuma 10, 40, 5. Gudu ba ya ba ni tsoro, kilomita 10 ina cinye ta cikin minti 56. Keken ne matsala. Nawa mai ƙatuwar taya ne irin na hawa tudu, kuma ban taɓa wuce kilomita 25 a kansa ba. Ba ni da kuɗin sabo yanzu, don Allah kada a ce in saya. Ranar Juma'a za a rufe rajista. Wanne zan cika?

Mai_Siririyar_Taya:
Wa alaikumus salam. Ka sayi keken tsere kawai, shi ne maganar.

Ƙafar_Barewa:
Ka karanta abin da ya rubuta kuwa? Ya ce ba kuɗi.

Mai_Siririyar_Taya:
Na hannu fa nake nufi. Nawa bai kai kuɗin wayar da ke hannuna ba.

Giya_Tara:
Wace waya ce wannan? Ni na hannun na saya, sai da ya cinye mini albashin wata biyu, kafin a zo maganar sabuwar sarƙa da roban birki. Sai dai in naka ba shi da tayar gaba.

Gwiwa_Ta_Gaji:
Ƙanena, zauna ka ji abin da ya same ni, sai ka yanke wa kanka hukunci. Ni ma mai gudu ne kamarka, har na fi ka sauri a lokacin. Na raina gajeren, na ce wannan ai na yara ne, na cika dogo. Saura kwana goma na ci bashi na sayi keke, har da fedar nan da takalmi ke maƙalewa a jikinta. Sau uku kacal na hau shi kafin ranar.

Gudun farko na fita kamar an koro ni. Minti 47 na gama kilomita 10, ina ta wuce mutane ina jin kaina. Ashe su tanadin ƙarfi suke yi. Na shiga wurin canji, sai na rasa kekena. Layi-layi ne na kekuna a rataye, duk sun zama iri ɗaya a idona, ina ta sintiri kamar wanda ya ɓatar da akuya a kasuwa. Da na same shi na cafko shi zan fita, alƙali ya daka mini tsawa in mayar. Dokar ita ce sai ka sa hular kwano ka ɗaure igiyarta kafin ka ciro keken, kuma ba za ka kwance ba sai ka dawo ka rataye shi. Ba wanda ya gaya mini. To, an rubuta a takardar da suka aiko, ni ne ban buɗe ba.

A kan hanya na samu wani dogo yana tafiya daidai da ni, na laɓe a bayansa, iska ta daina dukana, na ce Allah ya kawo sauƙi. Sai ga alƙali a kan babur ya ɗaga mini shuɗin kati. Haramun ne a gasar ka bi bayan wani ya kare maka iska. Minti biyu na yi a tsaye a tantin hukunci ina kallon waɗanda na wuce suna wuce ni. A layin sauka kuma na ja birki, na manta ƙafata a maƙale take. Haka na kife ta gefe a hankali, kamar buhu, gaban jama'a. Wani yaro har tafi ya yi.

Duk wannan wasa ne a kan gudu na biyu. Kilomita 5 ce, abin da nake yi ina hira. Na taka ƙasa na ji ƙafafun ba nawa ba ne, kamar an ɗaura mini turmi a kowace cinya. Kafin kilomita ɗaya sharaɓata ta dama ta ɗaure tamau, ina ganin naman yana motsi da kansa ƙarƙashin fata. Na riƙe wani turken fitila ina miƙe ta. Da tafiya na ƙarasa ba da gudu ba, suna naɗe tutoci. Wata takwas ina biyan bashin keken nan.

Ƙafar_Barewa:
Yaya, Allah ya ba da lada, amma ka yafe mini, wurin buhun nan na yi dariya har da hawaye.

Giya_Tara:
Yaron da ya yi tafi shi ya kamata a ba lambar yabo.

Anti_Mai_Feda:
Ku bar dariya, kowa da ranarsa. Sabon_Shiga, ni sau huɗu na yi, biyun farko da keke irin naka na yi su, ba wanda ya hana ni. Abin da ya kama Yaya a gudu na biyu ba ƙarancin ƙarfi ba ne. Awa ɗaya da wani abu cinyoyinka na juya feda kana duƙe, jiki ya saba da wannan, sai ka ce masa ya miƙe ya yi gudu nan take. Koya masa ake yi. Sau ɗaya ko biyu a sati ka hau keke minti 40, kana sauka ka jingine shi ka fita gudu minti 10, ko zama kada ka yi. Sati na uku za ka ji bambanci. Ka bar fedarka ta gida yadda take, takalmin gudunka ya ishe ka duka ukun, ba ka da canjin takalmi sau biyu. In da hali ka sa wa keken taya mai sulɓi maimakon mai ƙurajen nan, ka cika mata iska. Ka tafi da tub da famfo, ka kuma koyi cire taya da hannunka, don in ta yi faci ba a yarda wani na waje ya gyara maka ba. Gajeren ka cika.

Mai_Siririyar_Taya:
Anti, da girmanki, amma gajere huɗu kika yi. Wanda bai taɓa yin dogo ba ta yaya zai ce kada a yi dogo?

Anti_Mai_Feda:
Kai nawa ka yi?

Mai_Siririyar_Taya:
Ina bin gasar Powerman ta Zofingen a Suwizalan duk shekara. Can gudu 10 ne, keke 150, a sake gudu 30. Mutane ne suke yi ba aljanu ba. Kilomita 40 har wani abu ce?

Giya_Tara:
Wato a waya ka yi. Sannu da ƙoƙari, Allah ya huci gajiya.

Baba_Mai_Agogo:
Yara, ku sassauta. Na girme ku duka a nan, kuma har yanzu ina shiga, tunda rukunin shekaru ake yi, biyar-biyar, da sa'o'ina nake karawa. Ƙari ɗaya zan yi kan maganar laɓewa a bayan wani. A gasannin da na shiga a baya, tazarar da ake bari tsakaninka da keken gabanka mita 10 ce.

Gwiwa_Ta_Gaji:
Baba, 12 aka gaya mini a tantin.

Baba_Mai_Agogo:
To ya danganta da gasar da kuma shekarar. Hukumar World Triathlon ce ke fitar da dokokin, tana kuma sabunta su, masu shirya gasa su ma kowa da takardarsa. Akwai ma gajerun da ake yarda a bi bayan juna. Shi ya sa nake cewa a karanta takarda, a kuma je taron bayani kafin a tashi. Abin kunne na jin kiɗa ma ka bar shi a gida, za su sa ka cire.

Sabon_Shiga:
Na gode Baba, na gode Anti. To kuɗin rajistar fa, dogon ya fi tsada sosai ne? Kuma in na cika dogo na ga ba zan iya ba, suna yarda a koma gajere?

Ƙafar_Barewa:
Kusan ninki biyu ne.

Giya_Tara:
Ina? Wadda na shiga bambancin bai taka kara ya karya ba. Jinkiri ne ke sa tsada, wanda ya biya da wuri shi ya more.

Gwiwa_Ta_Gaji:
Ku dai ku biya, amma kada ku sa rai. Mu da muka zo ƙarshe ko ruwa ba mu tarar ba a teburin ƙarshe, kofuna ne kawai a zube. Na'urar da suka ɗaura mini a idon sawu ma ba ta ɗauki lokacin kekena ba. Na rubuta musu sau uku, shiru kake ji.

Anti_Mai_Feda:
Ni ruwan bai dame ni ba, gorata na kan keke. Hanyar da suka ce sun rufe ita ce ta ba ni haushi. Ina gangarowa na ga mota ta kunno kai daga wani lungu, mai gadin wurin yana can yana danna waya.

Ƙafar_Barewa:
Wannan ranar gasa ke nan. Ranar atisaye fa? Shekaranjiya wata babbar mota ta wuce ni, madubinta ya kusa shafar kafaɗata, ga hanya fetal ba kowa a ɗaya hannun. Har ya leƙo yana zagina wai in koma gefe. Wane gefen? Rami?

Giya_Tara:
Masu buɗe ƙofa ba su duba ba sun fi ba ni tsoro. Yanzu ko motar a kashe take sai na ba ta tazarar hannu guda.

Mai_Siririyar_Taya:
Wasu masu keken ma da laifinsu, ku faɗi gaskiya. Uku-uku a jere suna hira.

Ƙafar_Barewa:
Kai da a waya kake tuƙi, ina ka gan su?

Sabon_Shiga:
'Yan uwa, maganar komawa gajeren fa? Jibi ne Juma'a.

Baba_Mai_Agogo:
Ƙafar_Barewa, da wane lokaci kake fita? In da duhu-duhu ne ka sa fitila ja a baya, ko da gari ya fara wayewa kada ka kashe.