Da gaske ne masu kutse ba sa kula ƙananan shaguna?

MaiSari:
Assalamu alaikum. Tambaya ce ga masana. Shago ne na sarin kayan masarufi, yara huɗu, kwamfuta ɗaya ta lissafi, POS biyu, da waya ɗaya da kwastomomi ke turo oda ta WhatsApp. An sa wa kwamfutar anti-bairos. A kasuwa ana cewa masu kutse bankuna da manyan kamfanoni suke bi, irinmu ba su da lokacinmu. Shin haka ne, ko akwai abin da ya kamata a gyara?

InjiniyanSadarwa:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Wannan maganar ta kasuwa ita ce kuskure na farko. Yawancin kutse ba mutum ne ke zaune yana zaɓar wanda zai kai wa hari ba. Manhaja ake saki ta dinga zagaye intanet tana taɓa kowace ƙofa, wadda ta samu a buɗe ta faɗa. Ba ta san bambancin banki da shagon sari ba. WannaCry, wata muguwar manhaja da ta ɓulla a watan Mayun 2017, haka ta yi: ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin Ingila, ta hanyar wata ɓaraka da Microsoft ya riga ya toshe tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba su ne suka sha.

To a nan ake gane anti-bairos bai isa ba. Ku duba wace Windows ce a kan kwamfutar. Windows 7 Microsoft ya daina yi mata gyaran tsaro tun Janairun 2020, Windows 10 kuma a Oktoban 2025. In kuma irin ta satar nan ce da ake loda wa a bakin kasuwa, galibi an kashe mata sabuntawa, wani lokacin ma da ƙwayar cutar a cikinta take zuwa. Anti-bairos a kan irin wannan kamar sa kwaɗo ne a ƙofa alhali bangon baya ya rushe.

Sai na'urar waifai. Da yawa har yau sunan shiga da kalmar sirrinta duk "admin" ne, kamar yadda ta fito daga kwali. A canza. Kuma kada a ba kwastoma ko maƙwabcin shago waifan da kwamfutar lissafi take kai. Yawancin na'urorin suna da layin baƙi daban, a kunna shi.

MalamarKwamfuta:
Duk abin da Injiniya ya faɗa daidai ne, amma ni a ganina, Alhaji, kwamfutar ba ita ce babbar matsalarka ba. Layin wayar nan ne. A kansa alat ke shigowa, a kansa OTP (lambar tabbatarwa ta amfani sau ɗaya) ke zuwa, a kansa WhatsApp ɗin shago yake.

Ga yadda abin ke faruwa in an sace waya. Ɓarawo bai damu da makullin fuskarta ba. Zare sim ɗin zai yi ya sa a wata ƙaramar waya, ya danna *565*0#, BVN ya fito masa. Saƙonnin alat za su nuna masa bankin, daga nan ya fara gwada sake buɗe asusu da OTP ɗin da yanzu hannunsa yake zuwa. Maganinsa bai kai minti biyu ba: a sa wa sim ɗin kansa lambar sirri a cikin saitin waya. Duk wayar da aka sa shi sai ta nemi lambar, in aka yi kuskure sau 3 ya kulle sai da PUK, wato lambar buɗe sim. Ku adana katin da sim ɗin ya zo a jikinsa, PUK ɗin yana nan a rubuce. Kuma ku rubuta lambar toshe asusu ta bankinku a takarda, ba a cikin wayar da za a iya sacewa ba.

WhatsApp kuwa ba kutse ake yi masa ba, roƙa ake yi. Wani zai kira ya ce daga ƙungiyar 'yan kasuwa ne, za a yi taro ko rabon tallafi, a karanto masa lamba 6 da ta shigo yanzu. Yaron shago ya karanta, shi ke nan. Kafin la'asar an tura wa kwastomominku sabuwar lambar asusu da sunanku. Ku shiga saiti, sashen akawun, ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ku haɗa da imel. In an riga an ƙwace, ku sake rajista da layinku. Amma in ɓarawon ya riga ku kunna mataki biyun da tasa lambar sirri, sai kun jira kwana 7. Ku riƙa leƙa jerin na'urorin da aka haɗa da akawun ɗin, musamman bayan yaro ya bar aiki.

Alat kuma ba shaida ba ne. Ana iya ƙirƙirar saƙo da sunan banki, rasit ɗin hoto ma ana gyara shi. Kaya ba ya fita sai an ga kuɗin a cikin manhajar banki ko a kan POS.

MaiSari:
Allah ya saka da alheri. Saura biyu. Muna kwafe lissafi a filas da ke maƙale a bayan kwamfutar, ya wadatar? Kuma an ce a riƙa canza kalmar sirri duk wata.

InjiniyanSadarwa:
Filas ɗin da ke maƙale kullum ba ajiya ba ce, Alhaji. Manhajar garkuwa da bayanai, wato mai kulle fayiloli sai an biya fansa, duk abin da ta gani a haɗe da kwamfuta tana kulle shi tare. Ƙa'idar ita ce kwafi 3, a kan ma'ajiya iri 2, ɗaya a wajen shago. A aikace: filas biyu, ana musanya su, a kwafa da yamma a zare, ɗaya ya kwana a gida. Sau ɗaya a wata a buɗe fayil daga ciki a tabbatar yana buɗuwa, don filas na bogi sun cika gari, zai nuna maka ya karɓa alhali babu komai.

Canza kalmar sirri duk wata tsohon yayi ne. Hukumar NIST ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin fasaha, ta janye wannan shawarar tun 2017, saboda mutane lambar ƙarshe kawai suke sauyawa, Kano1 ta koma Kano2. A yi doguwa, kalmomi huɗu ko biyar marasa alaƙa da juna, kowane asusu da tasa, kuma kada ta imel ta zama ɗaya da ta ko'ina, domin ta imel ake sake saita sauran. Lokacin canzawa shi ne in an yi zargin ta fita, ko ranar da wani yaro ya ajiye aiki. A ranar, ba washegari ba, har da lambar sirrin POS.