In sayi ThinkPad yanzu ko in jira sabbin fitowa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar kwamfutar tafi-da-gidanka ta aiki.

Tawa ba ta da TPM 2.0, wato guntun tsaron da Windows 11 ke buƙata, don haka Windows 11 ba ta hau kanta, ga shi Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025. Batirin ma ya gaji, da na zare caja sai ta fara neman mutuwa. Hankalina ya fi kwantawa da ThinkPad T14 Gen 5 ta kamfanin Lenovo, saboda tana da gurbin RAM (ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta) biyu da mutum zai ƙara da hannunsa.

Inda na tsaya shi ne, kamfanoni sun saba bayyana sabbin samfura a bukukuwan baje-kolin fasaha na CES na Janairu da MWC na Basalona, amma sukan ɗauki watanni kafin su shigo kasuwa. Wasu sabbin kuma, irin masu furosesan Intel Core Ultra 200V, RAM ɗinsu a manne yake, ba damar ƙari. Wannan ya fi damuna da saurin da ake ta yabo.

In na haƙura na jira, farashin wadda ke kasuwa yanzu yakan sauka sosai kuwa? Ko jiran bai dace da mai aiki kullum ba? Wanda ya taɓa jira ya faɗa mini yadda ta kaya.