Neman kalmar Hausa: me za mu kira "duke"?

Mai Fassara: Salamu alaikum malamai. Gobe da safe za mu naɗi shirin rediyo kan Wiliyam na Normandi, wani yanki a arewacin Faransa, kalmar duke kuwa, wato sarautarsa, ta gagare ni. Ya gaji mahaifinsa Robat a 1035 yana yaro ƙarami, ya ci Ingila da yaƙi a 1066. In na ce sarkin Normandi ya zama sarkin Ingila, mai sauraro ba zai gane ya hau sama ba.

Ɗan Birni: Hakimi mana. Ai a ƙarƙashin sarkin Faransa yake.

Malamar Tarihi: Hakimi ya yi kaɗan, Malam. Hakimi naɗa shi ake yi, a tuɓe shi in an so. Gidan Wiliyam kuwa gadon ƙasar suke tun kakansu Rolo, wanda sarkin Faransa Shal ya yanka wa ita a 911. Suna da rundunarsu, suna buga kuɗinsu. Wiliyam ya ma karya dakarun sarkin Faransa Henri na Ɗaya a Mortemer a 1054, ya sake a Varaville a 1057. Wane hakimi ne zai yi haka ya kwana a kan sarautarsa?

Ɗan Birni: To a are ta kawai, a ce duk.

Mai Fassara: A rediyo "duk Normandi" za a ji. Ba za ta yiwu ba.

Gaskiya Dokin Ƙarfe: Aro kullum, kamar ba mu da sarauta kafin zuwan Turawa! Madawaki ita ce. Asalin kalmar a Latin jagoran mayaƙa take nufi, Madawaki kuma shugaban mahaya ne.

Malamar Tarihi: Ranka ya daɗe, asalin haka yake. Amma Madawaki bafade ne a fadar wani, Wiliyam kuwa da tasa fadar. Ya fi kusa da sarakunan da suka karɓi tuta a Sakkwato: sarauta cikakkiya, da mubaya'a ga na sama.

Gaskiya Dokin Ƙarfe: Kada a haɗa masu tuta da Wiliyam, wanda iyayensa ba su yi aure ba.

Malamar Tarihi: Tsarin mulki nake kwatantawa, ba nasaba ba. Kuma ko bayan 1066 mubaya'ar tana kan Normandi kaɗai, Ingila ba ta shiga ciki ba. A fito da wannan a shirin.

Mai Fassara: Na gode. A farko zan ce "sarkin Normandi, mai mubaya'a ga sarkin Faransa", daga nan "mai Normandi". Surukinsa Boldwin na Filandas fa? Shi kuma count ne, wata sarautar Turawa da ke ƙasa da duke.

Gaskiya Dokin Ƙarfe: Ku yi shirinku. Ni dai ina kan Madawaki.