Yaron da ba ya iya danne zuciyarsa, shi ne mai laifin gobe?

Malam Sani: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni dai a ganina, wanda zai faɗa harkar laifi tun yana ƙarami ake gane shi, ta wajen halinsa. Yaron da ba ya iya bin layi, in ya ga biro a hannun wani sai ya fizge, in an ɗan taɓa shi hannunsa ya riga tunaninsa kai duka. Hali zanen dutse. A 1990 masana biyu na Amurka, Gottfredson da Hirschi, sun ce rashin kamun kai ne tushen yawancin laifuka, kuma yakan kafu kafin yaro ya cika shekara goma.

Barista Zainab: Wa alaikumussalam Malam. Wallahi irin wannan magana tsoro take ba ni, don an taɓa bin hanyar. A 1876 wani likita ɗan Italiya, Cesare Lombroso, ya ce da laifi ake haihuwar wasu, har yana auna ƙoƙon kai da muƙamuƙi da kunnuwa don gane su. Sai a 1913 Charles Goring, likitan gidan yari a Ingila, ya fitar da sakamakon awon fursunoni kusan 3,000 da ya kwatanta da mutanen waje, bai sami wata siffa ta masu laifi ba. Yanzu kuma an bar ƙoƙon kai an koma hali.

Malam Sani: Barista, wannan daban ne, akwai hujja. A garin Dunedin na Niyu Zilan an bi rayuwar yara 1,037 da aka haifa tsakanin 1972 da 1973. Sakamakon da ya fito a 2011 ya nuna cewa a cikin waɗanda suka fi ƙarancin kamun kai suna yara, kashi 43 cikin ɗari kotu ta taɓa kama su da laifi kafin su wuce shekara 32. A cikin mafi kamun kai kuwa, kashi 13 ne. Ko da aka cire tasirin basira da arzikin iyaye, bambancin bai ɓace ba.

Maman Hafsat: To Malam, ragowar kashi 57 ɗin fa? Fiye da rabin yaran nan masu zafin kai sun girma ba su taɓa faɗawa hannun hukuma ba. Ina da yaro irin wanda ka kwatanta, ba ya zama wuri ɗaya, ba ya jira a gama tambaya. Wani malaminsa ya ce masa a gaban 'yan aji, "Kai a gidan yari za ka ƙare." Ya dawo gida bai ce uffan ba, ya jefa jakarsa ƙarƙashin gado. Da dare yake tambaya ta ko gaskiya ne. Me zan ce masa, kashi 43?

Aliyu: Allah ya shirya mana shi, Mama. Ni kuma ga inda na tsaya: alƙaluman kotu na waɗanda aka kama ne. Mai saurin fushi a bainar jama'a yake ɓarnarsa, nan take a riƙe shi. Bernie Madoff, ɗan kasuwar hannun jari na Amurka, fa? Mutum mai natsuwa, mai haƙurin tsara ƙarya shekara da shekaru, ya cinye biliyoyin daloli na mutane kafin asirinsa ya tonu a 2008, aka yanke masa shekara 150. Tun 1939 wani masani ɗan Amurka, Edwin Sutherland, ya ja hankali kan laifukan manya masu zaman ofis. Shi Madoff kamun kansa ne ma ya taimake shi.

Malam Sani: Aliyu, mutum ɗaya ba ya rushe binciken mutum dubu. Maman Hafsat, malamin nan ya yi kuskure babba, kuma ba abin da nake nufi ke nan ba. Nufina a lura da wuri, a koya wa yaro jira da danne fushi.

Barista Zainab: To ai ka sauka daga kan zanen dutse ke nan, Malam, tunda ana iya koyar da shi. Ita kanta Terrie Moffitt, wadda ta jagoranci rahoton 2011 ɗin, tun 1993 ta raba masu laifi gida biyu: 'yan kaɗan da ke farawa tun ƙuruciya su ɗore, da mafi yawa da ke yi a samartaka su daina. Masana Sampson da Laub kuma, da suka bi diddigin kangararrun yara 500 na birnin Boston a Amurka, sun ga aure mai ɗorewa da aiki tsayayye sun janye da yawansu daga laifi.

Malam Sani: Ban sauka ba. Su waɗancan 'yan kaɗan da ke ɗorewa, su nake magana a kai, kuma ɓarnarsu ta fi yawa.

Maman Hafsat: A cikin aji guda, yara biyar duk masu zafin kai, ta yaya za ka nuna mini wanne ne a cikinsu, Malam?