Manhajar da ke riƙe da lissafin ƙungiyarmu ta daina samun gyara: mu zauna ko mu tashi?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana. Ni ce sakatariyar wata ƙungiyar mata masu turara shinkafa da sayarwa. Da can a littafi muke rubuta komai: kuɗin shiga, zubin wata-wata, bashin da aka ba kowace mace da abin da ta biya. Da muka yi yawa, sai ɗan yayata ya haɗa mana tsari a kwamfuta da wata buɗaɗɗiyar manhaja ta kyauta (wadda kowa zai iya ganin kod ɗinta, wato umarnin da aka rubuta ta da shi, ya kuma gyara), irin wadda ake gina fom da tebur da rahoto ba sai an iya rubuta kod ba. Ta yi mana amfani ƙwarai. Mace ta zo tana musun bashi, in danna sunanta, komai ya fito har ranar da ta karɓa.

Yanzu abu uku ne suka haɗu. Yaron ya samu aiki a Legas, da ƙyar yake samun lokacinmu. Ya kuma gaya mini cewa an daɗe ba a fitar da sabon gyara ga manhajar ba, kuma wanda ya ƙirƙiro ta ya rubuta cewa yana neman masu karɓar aikin. Sannan kamfanin da muke hayar saba (kwamfutar da ke riƙe manhajar a intanet) a wurinsu sun turo saƙo za su cire tsohon PHP (yaren kwamfuta da aka rubuta manhajar da shi), wai 7.4, wanda ita kuma a kansa take tafiya. Kuɗin mutane ne a ciki, har barci na kasa yi. Mu ci gaba da ita ko mu nemi wata? In wata ce, ta yaya zan san ita ma ba za ta mutu a hannunmu ba?

Wani injiniyan manhaja, daga Kaduna:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki tukuna. Abin da kike kira "manhajar" abu biyu ne a haɗe. Akwai fom-fom da maɓallan da kike dannawa, akwai kuma rumbun bayanan da ke ƙarƙashi, inda sunaye da lissafin suke kwance. Tunda kin ambaci PHP, kusan tabbas rumbun MySQL ne ko MariaDB. Shi wannan ba ya mutuwa don mai fom ya gaji, duniya ce ke amfani da shi. Don haka tambayar farko da za ki yi wa yaron ita ce: in an buɗe rumbun kai tsaye, ana iya karanta teburan? Wasu manhajojin suna rubuta "mambobi", "bashi", "biya" a fili. Wasu kuwa lambobi suke sa wa tebur da layi, ma'anar tana wani wuri daban. In irin na farko ne, ƙaura ba za ta yi wuya ba.

Maganar PHP gaskiya ce. An daina yi wa 7.4 gyaran tsaro tun Nuwamban 2022, masu sabar ba su zalunce ku ba. Wannan shi ne abin gaggawa, domin manhajar da ba a gyarawa ba ta tsayawa rana ɗaya, ƙasan da take tsaye a kai ne ke zamewa a hankali.

Za a ce miki buɗaɗɗiyar manhaja ba ta mutuwa, wani zai ɗauka. Yakan faru. Lokacin da Oracle ke shirin sayen kamfanin Sun, mai MySQL da OpenOffice, mutane sun ɓalle sun kafa MariaDB daga MySQL a 2009, sannan bayan an kammala cinikin aka kafa LibreOffice daga OpenOffice a 2010. Kamfanin RethinkDB, mai wata manhajar rumbun bayanai, ya rufe a 2016, a 2017 aka sayi kod ɗin aka miƙa wa Linux Foundation, gidauniyar da ke kula da buɗaɗɗun manhajoji. Amma waɗannan suna da jama'a da kamfanonin da abincinsu ya rataya a kai. Ƙaramar manhaja mai mutum ɗaya a bayanta, sau da yawa shiru kawai ake ji.

Wata ma'aikaciyar tattara bayanan lafiya:

Anti, ni abin da ya fi tsaya mini a rai ba manhajar ba ce, yaron ne. Allah ya yi masa albarka, amma a yanzu kalmar sirri ta sabar tana hannun wa? Da imel ɗin wa aka yi rajistar hayar? In amsar duka shi ne, to ko da manhajar na samun gyara kullum kuna cikin hatsari.

Na ga wannan da idona a wani ofis da na yi aiki. Kowace Juma'a ana kwafar bayanai a filas, ana sawa a durowa, kowa hankalinsa kwance. Ranar da kwamfutar ta ƙone aka ɗauko filas ɗin, sai ga fayil-fayil jere da kwanan wata, amma kowanne fanko ne, don an canza kalmar sirrin rumbun tuntuni ba wanda ya lura. Matar da ke shigar da bayanan ta zauna a ƙasa tana kuka. Kwafin da ba a taɓa gwada mayarwa ba, kada ki ƙirga shi. Ki sa a ɗauki kwafin wannan makon, a ɗora a wata kwamfuta daban, ki nemo sunan mace guda da kanki ki ga ko bashinta ya fito daidai.

A wurin aikinmu manhajar tattara bayanan lafiya ta DHIS2 muke amfani da ita, ita ma buɗaɗɗiya ce, amma Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ce ke riƙe da ita, ma'aikatun lafiya na ƙasashe da dama har da Najeriya suna kanta. Ba ina ce ki koma can ba, ba irin aikinku ba ne. Ina nuna miki irin tambayar da ake yi ne: wa ke biyan albashin masu gyaran?

Wani ɗalibi:

Mama ni a ganina ku bar wahalar nan, ku koma manhajar babban kamfani ta biya. Su ba sa gajiya.

Injiniyan ya dawo:

Ƙanena, su ma suna rufewa in lissafi bai fita ba. Facebook ya sayi Parse, kamfanin da ke ajiye wa manhajojin waya bayanansu, a 2013, a Janairun 2016 ya sanar zai rufe shi, ya ba mutane shekara guda su kwashe kayansu. Abin da ya ceci wasu shi ne an saki kod ɗin a buɗe. Ga kuma biya da dala, yawanci a kan kowane mai amfani, kowane wata. Ka lissafa wannan da kuɗin zubin mata masu shinkafa.

Wani mai kafa wa ƙananan kamfanoni manhaja, daga Kano:

Hajiya in tashi ya zama dole, akwai irin su Baserow, Budibase da Appsmith, duk ana iya ɗora su a sabar kanku. Amma a karanta lasisi kafin a shiga, kuma a duba wane ɓangare ne kyauta, wane ne na kuɗi. Irin waɗannan kamfanoni sukan buɗe gindin manhajar, su ajiye wasu abubuwa sai an biya, kamar tsara wa zai ga me. Ku kuwa wannan na da muhimmanci, bai kamata kowa ya ga bashin kowa ba.

Lasisi ma yana canzawa. Manhajar Directus ta canza nata a 2023, Terraform ma a shekarar, Redis a 2024, har mutane suka ɓalle suka kafa OpenTofu daga Terraform, da Valkey daga Redis. Sai dai abin da aka riga aka saki da buɗaɗɗen lasisi irin MIT ko GPL ba a ƙwace shi, sabbin fitowa ne kawai ke canzawa.

Kafin na ɗora wa kowa manhaja ina leƙa shafinta na GitHub, dandalin da ake ajiye kod ɗin manhajoji. Ba taurarin yabo da mutane ke danna mata nake dubawa ba. Ina duba mutum nawa ne suka taɓa kod ɗin a shekarar da ta wuce, ko ana amsa masu kawo ƙorafi, ko ana toshe ɓarakar tsaro da wuri. Sannan na fi son wadda ke ajiye bayanai a rumbun PostgreSQL ko MariaDB ta hanyar da kowa zai iya karantawa. PostgreSQL kowace babbar fitowarsa shekara 5 ake yi mata gyara, mutum ya san lokacin shirinsa.

Wani dattijo, tsohon akanta:

'Yata, Allah ya saka da riƙon amana. Ina da tambaya ga dukkanmu. Mutumin nan da ya gaji, akwai wanda ya taɓa aika masa ko sisi, ko ma kalmar godiya? Muna jin "kyauta" sai mu ɗauka daga sama ta faɗo, alhali wani ne ke hana idonsa barci bayan ya taso daga aikinsa. A 2014 da aka gano ɓarakar tsaro ta Heartbleed a OpenSSL, manhajar da ke kare sirrin bayanai a intanet, sai duniya ta farga cewa 'yan mutane ƙalilan ne ke riƙe da abin da bankuna ke dogaro da shi. A 2024 kuma wani ya lallaɓa ya cusa mugun kod a xz, wata manhajar matse fayil, bayan ya samu amincewar mai kula da ita da aiki ya yi wa yawa shi kaɗai. Rijiya ce kowa ke ɗiba, ba mai yasa.

Ku ware wani abu a kasafin ƙungiya kowace shekara da sunan kula da manhaja, ko a biya mai gyara a nan gida, ko a tura wa masu ita. Kuma kowane taron wata a buga jerin bashi da zubi a takarda, shugaba da ma'aji su sa hannu, a ajiye a fayil.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na kira yaron, ya ce MariaDB ce kuma teburan da sunayensu suke a fili. Ya yarda a mayar da hayar sabar kan imel ɗin ƙungiya, zai kuma rubuta mana yadda ya haɗa komai. Baba, maganar kasafi zan kai ta taro. Saura abu guda: masu sabar sun ba da wa'adi, ƙaura kuma ba za ta kammala kafin nan ba. Me za mu yi a tsakani?

Injiniyan:

Hajiya a fara gwada ta a kan PHP 8 a wata kwamfuta daban, da kwafin bayanan, kada a taɓa ta gaske. Wani lokaci gyare-gyare kaɗan ne take buƙata, mai PHP zai iya yi. In ta ƙi, a sauke ta daga intanet gaba ɗaya, a ɗora a kwamfutar ofishinku da tsohon PHP ɗin, ku ci gaba da aiki a cikin gida har sabuwar ta tsaya. Idan an zo ƙaura, ku yi wata ɗaya ko biyu kuna shigar da lissafi a duka biyun, jimilla ta yi daidai kafin a kashe tsohuwar.