Wa ke ɗaukar alhaki idan ɗan wasan jami'a ya kamu da cuta lokacin annoba?

Kawun Ɗan Wasa:

Assalamu alaikum. Ɗan ƙanwata ya samu tallafin karatu a wata jami'a ta Amurka saboda ƙwallon kwando, kuma an turo masa takardu da dama da zai sa wa hannu kafin ya tafi. Ina cikin karanta su sai na tuna da ce-ce-ku-cen da aka yi a 2020, lokacin da korona ta tsayar da komai amma wasu jami'o'in suka ci gaba da wasa. Tambayata ita ce, idan ɗalibi ya kamu da cutar a wurin atisaye ko a fili a wancan lokaci, jami'a ce ke ɗaukar alhaki, ko hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i, ko kuwa shi yaron da ya yarda ya buga? Ina so in fahimta kafin in ba mahaifiyarsa shawara.

Mai Bin Wasanni:

Wa alaikumus salam, Malam. A watan Maris na 2020 NCAA ta soke babbar gasar ƙwallon kwando ta maza da ta mata, kuma kuɗin da take shirin raba wa jami'o'i ya faɗo daga dala miliyan 600 zuwa miliyan 225. Wanda ya riƙe wannan lissafi zai gane dalilin da ya sa aka matsa a dawo da ƙwallon ƙafa irin ta Amurka a ƙarshen shekara, domin ita ce ke ciyar da sauran wasannin.

Da 'yan wasa suka fara komawa atisaye a watan Yuni, Jami'ar Jihar Ohio ta sa su sa hannu a wata takardar alƙawari wadda a cikinta suka amince cewa akwai haɗarin kamuwa da cutar. Jami'ar ta ce manufarta faɗakarwa ce kawai, amma mutane da yawa sun ga hanya ce ta wanke hannu tun kafin abu ya faru. Sanatoci biyu, Cory Booker da Richard Blumenthal, sun gabatar da ƙudurin hana irin waɗannan takardu, sannan a farkon Agusta NCAA da kanta ta haramta wa jami'o'i tilasta wa ɗalibi yafe haƙƙinsa na kai ƙara a kan korona, ta kuma ce duk wanda ya zaɓi ya ƙi buga wasa saboda tsoron cutar ba za a ƙwace masa tallafin karatunsa ba.

Ɗalibar Shari'a:

Bayanin da aka yi a sama daidai ne, sai dai a ganina takardar ba ita ce babbar katangar da ke gaban ɗalibi ba. Tun asali dokar Amurka ba ta ɗauki ɗan wasan jami'a a matsayin ma'aikaci ba, saboda haka diyyar da ake biyan ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki ba ta shafe shi ba. Wannan ya samo tushe tun shekarun 1950, lokacin da wani ɗan wasan kwaleji mai suna Ray Dennison ya rasu sakamakon raunin da ya ji a wasa a jihar Colorado, matarsa ta nemi diyya, kotun ƙolin jihar ta hana ta a 1957.

Abin da ya rage masa shi ne ƙarar sakaci, kuma nan ne wuyar take. Dole ya nuna cewa jami'a ta gaza yin abin da ya wajaba a kanta, sannan ya nuna cewa a hannunta ya ɗauki cutar, alhali yana kwana a ɗakin ɗalibai, yana cin abinci cikin jama'a, yana shiga gari. Karyewar ƙafa a fili tana da shaidu, amma cutar da ke yawo a iska ba ta da su. Ƙari a kan haka, jami'o'in gwamnatin jiha suna da wata kariya daga ƙara, kuma jihohi da dama, irin su Georgia da Utah, sun kafa dokoki a 2020 da suka kare cibiyoyi daga ƙarar korona, in ban da inda aka tabbatar da ganganci ko mummunan sakaci.

Ma'aikacin Lafiya:

Ina so in ƙara wani ɓangare da ake mantawa. Lokacin da rukunin Big Ten da na Pac-12, wato manyan rukunoni biyu na jami'o'in da ke fafatawa da juna a wasanni, suka ɗage wasanninsu ranar 11 ga Agusta 2020, abin da ya fi tayar wa likitocinsu hankali shi ne kumburin tsokar zuciya, wanda kan biyo bayan wasu cututtuka kuma yana da haɗari ga mai motsa jiki da ƙarfi. Amma ƙarar da aka kai Big Ten a wannan watan ta fito ne daga 'yan wasan Jami'ar Nebraska su takwas da ke neman a bar su su buga. Bayan kimanin makonni biyar da ɗage wasannin, rukunin Big Ten ya janye matakinsa, da sharaɗin gwaji kullum, da duba zuciya, da hutun kwana 21 ga wanda ya kamu. Waɗannan sharuɗɗa sun kare yara, haka nan za su iya zame wa jami'o'in hujja a kotu cewa ba su yi sakaci ba.

Kawun Ɗan Wasa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To me ya kamata mu fi dubawa a takardun da ke hannunmu yanzu?

Ɗalibar Shari'a:

Kawu, ku fara da sashen inshorar lafiya, ku ga wa zai biya kuɗin asibiti, da kuma ko biyan zai ci gaba bayan yaron ya bar ƙungiya. Sannan ku tabbatar ko tallafin na shekara ɗaya ne da ake sabuntawa ko na shekaru huɗu, domin ɗalibin da bizarsa ta rataya a kan tallafin nan ba zai iya cewa ba zai buga ba cikin sauƙi kamar ɗan ƙasa. Duk sakin layin da ya ambaci yafe haƙƙin kai ƙara, kada ya sa hannu sai lauyan da ya san dokar jihar da jami'ar take ya karanta shi.